Yadda ake tsayuwa a sahu, daga bakin magini

Sana'ata gini ce. Na fi shekara talatin ina jera bulo a garin Kumasi, daga Aboabo zuwa Sawaba har Asokore Mampong. A ƙaramin masallacin layinmu kuwa, in ladan ya ta da iƙama, ni liman yake yi wa ido in bi sahu daga wannan bango zuwa wancan kafin ya yi kabbara. Dattawan masallacin ne suka ɗora mini wannan aiki, suka ce wanda ya saba da igiya da awo shi ya fi saurin hango karkata. Ni ba malami ba ne. Abin da zan faɗa na ɗebo shi ne a gaban malamanmu, wurin karatun Risala da Muwaɗɗa tsakanin Magariba da Isha'i da wurin tafsirin azumi. Sauran kuma abin da idona ke gani ne sau biyar a rana.

Ayar da ta fara kama ni tana cikin Suratus Saffi, sura ta 61, aya ta 4, inda Allah Maɗaukaki ya ce yana son waɗanda ke yaƙi saboda Shi a jere cikin sahu, "ka'annahum bunyanun marsus", kamar gini ne da aka liƙe sashensa da sashe. Mai tafsiri ya gaya mana wasu malamai sun ce kalmar marsus daga rasas ta fito, wato darma, wadda ake narkawa a zuba tsakanin duwatsu har su zama abu guda. Da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, don hannuna ya san wannan magana tun kafin kunnena ya ji ta. Bulo ɗaya, komai ƙarfinsa, na gefensa da na ƙarƙashinsa ne ke riƙe da shi. In yaron aiki ya yi rowar kwaɓi ya bar rami tsakanin bulo biyu, ranar ba za ka ga komai ba. Sai ruwan watan Yuni ya sauka ya sami hanya, ya yi ta ci a hankali, bayan damina biyu mai gida ya aiko a kira ka ya nuna maka tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi irin wannan a kan sahun salla, a hadisin Abdullahi ɗan Umar da Abu Dawuda ya ruwaito: a tsai da sahu, a daidaita kafaɗu, a toshe kafofi, a yi laushi a hannun 'yan'uwa, kada a bar wa Shaiɗan giɓi. Ya ƙara da cewa wanda ya sadar da sahu Allah ya sadar da shi, wanda ya yanke sahu Allah ya yanke shi.

Waccan aya maganar fagen fama take yi, amma sahu ya bazu cikin Alƙur'ani. Suratus Saffati da rantsuwa da masu jeruwa sahu-sahu ta buɗe, kuma a aya ta 165 mala'iku da kansu ke cewa su ne masu yin sahu. A Suratul Kahfi aya ta 48, a jere za a gabatar da mutane ga Ubangijinsu ranar tsayuwa. Jabir ɗan Samura ya ce Annabi ya fito musu ya tambaye su, ba za su yi sahu ba kamar yadda mala'iku ke yi a wurin Ubangijinsu? Suka ce yaya suke yi? Ya ce suna cika sahun farko tukuna, kuma suna matsuwa da juna a cikin sahu. Abu biyu ke nan, cikawa da matsuwa, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba a kansu yake.

Aikin yana farawa ne tun kafin iƙama. In ka shigo masallaci, ka wuce gaba ka zauna inda za ka yi salla. Na san dalilin da ya sa muke son jingina da bangon baya ko zama ƙarƙashin fanka, ko kusa da ƙofa don a riga kowa ɗaukar takalmi. Amma Abu Huraira ya ruwaito cewa da mutane sun san abin da ke cikin kiran salla da sahun farko, sannan ba su sami hanyar rabawa ba sai ƙuri'a, da sun yi ƙuri'a. Mu kuwa sai an roƙe mu, "Bismillah, a matso gaba," kowa na tura ɗan'uwansa da sunan kara. Gurbi biyu ko uku da ke daidai bayan liman a bar wa masu karatu da hankali, waɗanda in ya yi tuntuɓe a aya za su ɗora shi, in alwalarsa ta karye ɗayansu zai shige gaba ya ƙarasa da jama'a. Haka Annabi ya umarta a hadisin Abu Mas'ud, kuma babu maganar kuɗi ko sarauta a ciki.

Sahu daga bayan liman yake tasowa, ya bazu dama da hagu. Ba a fara shi daga bakin ƙofa. Kuma ba a buɗe na biyu sai na farko ya taɓa bango da bango. In akwai ragi, ya kasance a sahun ƙarshe. In ka shigo ka ga gefe ɗaya ya yi tsawo ɗayan ya gajarta, ka tafi wurin da ya gajarta. In mutum ya fita daga tsakiya, a matso ta wajen liman don a cike gurbinsa, kada a ja zuwa bango a bar tsakiya a buɗe.

To, yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Yawancinmu da yatsun ƙafa muke awo. Mutum ya sunkuyar da kai, ya jera babban yatsansa da na maƙwabcinsa, ya ɗauka ya gama. Ai ƙafa ba tsawonta ɗaya ba. Mai sa takalmi lamba 45 in ya jera yatsunsa da na mai lamba 39, gangar jikinsa tana baya, na ƙaramin tana gaba, sai ka hango sahun daga gefe kamar haƙoran zarto. Da dunduniya da idon sawu ake awo, don a kansu jiki yake tsaye. In akwai layi a kafet ko a siminti, jama'ar masallaci su yarda cewa dunduniya ake ɗorawa a kansa, kowa da kowa. Daga nan sai ka waiga dama da hagu ka ga kafaɗarka ta yi daidai da ta na kusa da kai. Kada ka auna da tumbi ko da kai, don akwai mai ƙiba, akwai tsohon da bayansa ya ranƙwafa. Nu'umanu ɗan Bashir ya ce Annabi yana miƙe sahunsu kamar mai gyara kibiya. Wata rana har ya kusa yin kabbara sai ya hango ƙirjin wani mutum ya fito, ya ce: bayin Allah, ko dai ku daidaita sahunku ko Allah ya saɓa tsakanin fuskokinku. Ƙirjin mutum guda ne kawai ya tsai da kabbarar.

Mai salla a kujera, da yake yanzu sun yi yawa a masallatanmu, shi ma da nasa awon. In a zaune zai yi sallar gaba ɗaya, mazauninsa ne zai yi daidai da sahu, wato ƙafafun kujerar na baya su hau layi. In kuwa zai fara a tsaye sai wajen ruku'u da sujada ya zauna, dunduniyarsa ce a layi, kujerar ta koma baya. Irin wannan mukan sa shi a ƙarshen sahu ta jikin bango, don kada kujerar ta tare wa na bayansa wurin sujada.

Sai maganar haɗa ƙafa, wadda ta sha ɓata zumunci a zango. A masallacinmu akwai ɗan Tijjaniyya, akwai ɗan Ahlus Sunna, akwai mai ƙabalu, akwai mai sadalu, kuma duk bayan liman ɗaya muke. Anas ɗan Malik ya ce a zamanin Annabi ɗayansu yakan manna kafaɗarsa da kafaɗar abokinsa, ƙafarsa da ƙafarsa. Wannan yana cikin Buhari, ba mai musunsa. Wasu malamai sun ɗauki maganar a kan zahirinta. Ibnu Hajar, mai sharhin Buhari, ya ce abin nufi shi ne kaiwa matuƙa wajen miƙe sahu da toshe giɓinsa. Ni dai ga abin da idona ya nuna mini. In kowa ya buɗe ƙafafunsa daidai faɗin kafaɗunsa, aka matso har kafaɗu suka haɗu, ƙafafu da kansu suke haɗuwa ko su kusa. In kuwa mutum ya tsaya nesa ya miƙa ƙafa yana neman ta maƙwabci, ƙasa ta rufe amma sama ta buɗe, ka ga tsakanin kafaɗunsu yaro zai iya wucewa. A gini, bulon da ya taɓa ɗan'uwansa ta gindi kaɗai cire shi muke yi mu sake ɗorawa.

Akwai wata La'asar da ba na mantawa. Wani saurayi mai son sunna ƙwarai ya tsaya kusa da wani dattijo da ya haura saba'in. Yaron ya kai ƙafarsa, tsohon ya janye tasa. Ya ƙara kaiwa, ya ƙara janyewa. Kafin raka'a ta uku tsohon ya tattare ƙafafunsa wuri ɗaya, yaron kuma ya wage nasa, kuma na tabbata a cikinsu babu wanda hankalinsa ke kan salla. Da aka yi sallama na ja yaron waje, wurin butoci. Na ce masa, "Ɗana, hadisin da ya ce a toshe giɓi shi ne dai ya ce a yi laushi a hannun 'yan'uwa. Ka matso da kafaɗarka, ka tsai da ƙafarka inda Allah ya ajiye ta. In Baba ya janye, ka ƙyale shi, ka yi naka." Sannan na koma wurin tsohon na durƙusa na ce, "Baba, yaron nan ba raini yake yi ba, abin da aka karantar da shi ke nan. In ƙafarsa ta taɓa taku, ku yi haƙuri ku bar ta." Ya yi shiru, can ya ce yatsansa ne ke ciwo, ciwon sukari ya taɓa shi, yana tsoron a taka. Ka ga abin da yaron ya ɗauka ƙin sunna ne, ashe rauni ne a ƙafa. Tun daga ranar, kafin in gyara wa mutum tsayuwa sai na fara duban ƙafarsa.

Wannan laushin ta fuska biyu yake. In an taɓa kafaɗarka an ce ka matso, ka matso, ko da wanda ya taɓa ka sa'an jikanka ne. In ka ga mai neman gurbi kuma akwai hali, ka sassauta jiki ya shiga. Kai kuma mai gyarawa, da tafin hannu ake taɓa kafaɗa, a hankali, ba a jan riga, ba a daka tsawa. "Alhaji, ɗan ja baya kaɗan." "Malam, bismillah, ga wuri." Abu Mas'ud ya ce Annabi da hannunsa yake shafar kafaɗunsu yana cewa su daidaita, kada su saɓa sai zukatansu su saɓa.

Wannan magana ta saɓawar zukata na ɗanɗana ta a kaina. Na taɓa yi wa wani maƙwabcina aikin katanga, muka sami saɓani a kan cikon kuɗi, magana ta yi zafi. Ban daina zuwa masallaci ba, shi ma bai daina ba. Amma sai na lura in ya tsaya dama, ƙafata da kanta take kai ni hagu. In gurbin da ya rage a sahun farko kusa da shi yake, sai in tsaya gyaran na biyu har wani ya shige. Wajen wata biyu muna haka, ni da nake bin sahu ina ce wa mutane su toshe giɓi. Wata Asuba mutane ba su da yawa, sahu ɗaya ne tak, kuma gurbin da ya rage a gefensa yake. Na shiga. Kafaɗata ta taɓa tasa, muka yi raka'a biyu ina jin numfashinsa. Da aka yi sallama, fuskar da na fara gani a damana tasa ce. Na miƙa masa hannu, ya riƙe bai saki da wuri ba. Maganar kuɗin a ƙofar masallaci muka kashe ta kafin gari ya waye sosai. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni: in ka ga kana zaɓen wanda za ka tsaya kusa da shi, ka binciki zuciyarka, kuma gobe ka je ka tsaya daidai inda kake gudu. A sahunmu na Aboabo za ka ga Bahaushe da Badagombe, Bazabarme da Bamoshe, Kotokoli da Bawangare, ga Batone da ya musulunta, ga mai shago a Kejetia kusa da yaron da ke masa dako, ga makanikin Suame da baƙin mai a farcensa kusa da mai farar shadda. Ban san wani wuri a garin nan da ake jera mutane haka ba tare da an tambayi asalin kowa ba.

Wanda ya makara fa? Ka shigo da natsuwa, kada ka yi gudu. In ka hango giɓi a wani sahu na gaba, ka ratsa ka cike shi. Ratsawa ta gaban mamu ba laifi, don suturar liman, wato abin kariyar da ke gabansa, ta wadatar musu. Abu Bakrata ya taɓa tarar da Annabi a ruku'u, sai ya yi ruku'u tun bai kai sahu ba, Annabi ya ce masa Allah ya ƙara maka kwaɗayin alheri, amma kada ka sake. In sahu ya cika maƙil ba wurin shiga, a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, ka tsaya daidai bayan liman kai kaɗai, sallarka ta yi, kuma kada ka jawo kowa daga sahun gaba. Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya kira wannan kuskure ga mai ja da wanda ya biyo shi. Hambalawa sun tsananta a kan sallar mutum ɗaya bayan sahu, saboda hadisin Wabisa inda aka umarci wani ya sake salla. Don haka in akwai gurbi, ko ƙarami ne, kada ka tsaya kai kaɗai da gangan.

In ku biyu ne, a shago ko a wurin aiki, mamu ya tsaya a daman liman. Ibnu Abbas yana yaro ya kwana a ɗakin Maimuna, 'yar'uwar mahaifiyarsa, ya tsaya a hagun Annabi a sallar dare, Annabi ya zagayo da shi dama. In na uku ya zo, su biyun su koma baya. Mace tana tsayawa bayan maza ko da ita kaɗai ce, kamar yadda Risala ta kawo.

Yara kuwa, ra'ayina kada a kori yaron da ya riga kowa zuwa, matuƙar ya san salla. In aka tara su duka a baya wasa suke yi, in aka raba su tsakanin manya sai su natsu. Wanda aka finciko daga sahun farko yana shekara goma, da wuya ka gan shi a can yana shekara ashirin.

Ɓangaren mata ban shiga ba, amma uwargidana ta gaya mini matsalarsu sallaya ce. Kowace ta shimfiɗa tata ta tsaya a tsakiyarta, sallaya kuwa ta fi mutum faɗi, sai ka ga tazara tsakanin kowace biyu. Maganinsa a shimfiɗa sallayun a kwance, ko a ɗora gefen wata kan wata, a bi kafaɗa a manta da iyakar sallaya. Kuma su zaɓi mace ɗaya mai faɗa a ji ta riƙa duba musu sahu. Maza ma masu zuwa da sallaya ranar Juma'a wannan ya shafe su.

Ranar Juma'a, ko a Babban Masallacin Kumasi da aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara, ko a masallacin unguwa, in jama'a ta yi yawa har aka fita waje, abu uku nake roƙon a kula da su. Kada a shimfiɗa tabarma a titi alhali ciki da sauran wuri. Kada a bi miƙewar titi ko bakin kwata a ɗauka alƙibla ce. Daga Kumasi alƙibla gabas ce mai karkata arewa, wajen digiri 65 daga arewa, don haka a ɗauko layin daga sahun cikin masallaci a miƙo shi waje. Sannan kada a wuce gaban liman ko a yi sahu tsakanin ginshiƙai sai in wuri ya ƙure. A Malikiyya duka biyun makaruhi ne in ba larura.

Limamai kuma, don Allah a daina cewa "istawu" ana kallon gabas. A juyo a duba. A Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar yakan sa a daidaita sahu, ba ya kabbara sai an zo an gaya masa ya daidaita. Sayyidina Usman ma yana da mutanen da ya wakilta wa wannan aiki, yakan tsaya jiransu. Minti ɗaya ya isa, a ƙaramin masallaci ma bai kai ba.

Na bar sallar Idi a ƙarshe don nan ne sana'ata take amfani kai tsaye. Fili ba bango, ba kafet, in ba a ja layi ba sahu yakan lanƙwashe kamar baka. Tun daren salla ko da sassafe, ku sami igiya doguwa, turaku, tef na awo da toka ko farar ƙasa. Ku fara kafa turke inda liman zai tsaya, ku ja igiya ta farko daga nan ta fuskanci alƙibla ta miƙe har bayan fili. Sahun farko dole ya gitta wannan igiya a miƙe, kuma ga yadda magina ke tabbatar da kusurwa: daga inda igiyoyin biyu suka haɗu, auna ƙafa 3 a kan ɗaya ka sa alama, auna ƙafa 4 a kan ɗayar ka sa alama, sannan ka yi ta gyara igiyar sahu har tsakanin alamomin biyu ya zama ƙafa 5 cif. In fili babba ne ka ninka, 6 da 8 da 10, ya fi fitowa daidai. Da sahun farko ya zauna, sauran sauƙi ne: ƙafa 4 tsakanin kowane layi da na bayansa ya ishi babban mutum sujada ba tare da kansa ya taɓa dunduniyar na gaba ba. Ku zuba toka a bin igiyar, ku cire, ku matsa baya. Ku bar hanya a gefe, ba a tsakiya ba, don masu zuwa a makare. Ku tsai da samari biyu a bakin fili suna gaya wa masu shigowa dunduniya ake ɗorawa a kan tokar, don in ba a faɗa ba rabi za su sa yatsu, rabi su sa goshi. In ana sa ran ruwa cikin dare, kada ku zuba tokar sai da Asuba. Ku bar turakun a kafe, da safe igiya kawai za ku mayar.